Garin Masoyi Ba Ya Nisa: Tsofaffin Jiragen Yaƙi da Zaɓen Wurin Zama a Ingila

A kan tudun Canwick, kudu da birnin Lincoln a gabashin Ingila, akwai wata hasumiya ta ƙarfe mai launin tsatsa, tsayinta mita 31. Da gangan aka zaɓi wannan awo, domin shi ne faɗin fukafukan jirgin yaƙin nan mai suna Lancaster daga wannan baki zuwa wancan. A kewayen hasumiyar an kakkafa allunan ƙarfe, an huhhuda sunaye kusan dubu 58 a jikinsu, hasken rana yana ratsa kowane harafi, dangin mamatan kuma sukan zo su soka jan fure a ramin sunan nasu. Wanda ya tsaya a gindinta ya dubi arewa zai hango babbar majami'ar Lincoln a bisa ɗaya tudun. Da ita matuƙa jirage suka riƙa yin alama a Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila. In sun hange ta da asuba, sun san sun iso gida. A shekarar 2018 aka buɗe wannan cibiya ta tunawa da rundunar jiragen kai hari ta Birtaniya, kuma nan ne mutum zai fi fahimtar abin da ya sa ake yi wa gundumar Lincolnshire laƙabi da ƙasar jiragen bam.

Wannan wuri ya shafi wata tambaya da mutanenmu da yawa ke fama da ita yanzu. Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa mutum kusan dubu 270 haifaffun Najeriya ne ke zaune a Ingila da Wales, bayan ƙidayar kuma likitoci da ma'aikatan jinya da injiniyoyi da ɗalibai sun ci gaba da kwarara. Wanda Allah ya ba shi biza kogi ɗaya ya haye, saura na biyu: a wane gari zai sauke kaya? Amsar ba ta cika wuce inda ɗan'uwa yake ba, ko inda albashi ya fi tsoka a takarda. Amma cikin masu wannan lissafi akwai wanda Allah ya ɗora wa son tsofaffin jiragen yaƙi, wanda zai bambance maka Spitfire da Hurricane daga siffar fukafuki kaɗai, sai dai yana jin nauyin sanya wannan so a lissafinsa don kada a ce ya mai da ƙaura wasan yara. Ni a ganina sha'awa irin wannan tana da gurbinta a ma'auni, kuma gurbi na uku ne, bayan abin kai wa baki, bayan jama'ar da mutum zai yi salla da suna da jana'iza a cikinta. Wanda ya sa ta a gaba zai yi da na sani. Wanda ya watsar da ita gaba ɗaya kuma ya yar da mabuɗin da zai iya buɗe masa ƙofar gari.

Abin da filin jirgi ke faɗa game da gari

Mai wannan sha'awa ya riga sauran masu ƙaura sanin wani abu, ko da bai lura ba, wato yanayin ƙasar da yake shirin komawa. Filayen jiragen soja da suka kusa 50 ne suka taru a Lincolnshire lokacin yaƙin, saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, gonaki ne zalla babu cunkoson gidaje, kuma tana bakin Tekun Arewa tana fuskantar Jamus. Lancaster mai inji huɗu da mutum bakwai, in ya sha mai ya ɗauki bama-bamai, sai da dogon titi da sararin da babu tsauni a gabansa. Waɗannan dalilai suna nan har gobe. Shimfiɗar da ta sauƙaƙa wa jirgi tashi ita ce ta bar iskar hunturu tana kaɗowa daga teku babu abin da ya tare ta, ita ce kuma ta jefa kudancin gundumar da bakin gaɓarta cikin haɗarin ambaliya, kamar yadda aka gani a 1953, aka sake gani a garin Boston a Disambar 2013. Ƙarancin mutanen da ya ba soja fili shi ya sa gidaje ke da sauƙin kuɗi yau, shi kuma ya sa bas ke wuya a ƙauyuka, asibitoci suka yi nesa da juna, manyan ma'aikatu suka yi ƙaranci. Arzikin yankin ya rataya ne a kan noma da sarrafa abinci, dankali da kabeji da alkama da kaji, sai asibitoci, sai sansanonin sojan sama na Waddington da Coningsby da Cranwell, sai masana'antar injuna da jami'a a birnin Lincoln. Wanda ya karanta tarihin filayen jirgin da idon basira ya riga ya karanta rabin labarin wurin.

Mu jera garuruwa huɗu, kowanne da nasa jiragen. Landan tana da gidan tarihin sojan sama a unguwar Hendon, shiga kyauta, da wani Lancaster a ajiye wanda ya fita kai hari sau 137 ya dawo. Nan ne 'yan Najeriya suka fi yawa, nan ne aiki ya fi samuwa, amma matsakaicin kuɗin gida ya haura fam dubu 500, haya kuma kan lashe kaso mafi tsoka na albashin ma'aikaciyar jinya. Cambridge tana da filin Duxford 'yan kilomitoci kudu da ita, inda rukunin farko na sojan sama ya karɓi Spitfire a 1938, har yau kuma tsofaffin jirage na tashi a wurin. Akwai ayyukan bincike da magunguna da fasaha, sai dai tsadar gidajenta na bin ta Landan a baya. Birmingham ita ce gidan masana'antar Castle Bromwich, wadda ta ƙera Spitfire kusan dubu 12, fiye da rabin duk waɗanda aka yi, gidan tarihi na Cosford kuma bai kai tafiyar awa guda daga birnin ba. Ga shi kusan kashi 30 cikin ɗari na mazauna birnin Musulmi ne, da masallatai da mahauta da Islamiyyu a unguwanni da dama. Sai Lincoln, inda kuɗin gida bai kai rabin na Landan ba, inda kuma tarihin bai kwanta a bayan gilashi ba. Cikin Lancaster 7,377 da aka ƙera, biyu kacal ne ke iya tashi yau a duniya: ɗaya yana Hamilton ta ƙasar Kanada, ɗayan yana Coningsby, cikin wannan gunduma.

Ciki da jama'a tukuna

Da sha'awa ce kaɗai a ma'auni, da Lincoln ta cinye gasar tun ba a fara ba. Dalilin da ya sa na ce aiki ya zo gaba shi ne, bizar ma'aikaci a Birtaniya ɗaure take da ma'aikatar da ta ɗauki nauyinsa. In aikin ya ƙare, galibi kwana 60 ake ba mutum ya sami wata ma'aikatar da za ta tsaya masa, ko ya tattara. A Afrilun 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake buƙata ga yawancin ayyuka daga fam 26,200 zuwa fam 38,700 a shekara, ko da yake ma'aikatan lafiya suna da nasu tsarin daban. Albashi mai tsoka irin wannan ya fi samuwa a manyan birane. Ma'aikaciyar jinyar da aiki ya ƙi mata a wani asibitin Landan tana iya neman wani ba tare da ta sauya gida ko ta cire yara daga makaranta ba, alhali manyan asibitocin Lincoln da Boston da Grantham duk hukuma ɗaya ce ke tafiyar da su. Sannan zaman karkarar Lincolnshire sai da mota, lasisin tuƙi na Najeriya kuma wata 12 kawai yake aiki, daga nan sai an ci jarrabawar tuƙi ta can. Mai tunanin cewa son jirgi zai sama masa aiki a sansanin soja ya sani cewa ayyukan da suka shafi tsaro suna buƙatar tantancewa mai tsanani da shekarun zama a ƙasar. Arhar gida ba ta amfanar wanda ba shi da tabbacin albashi.

Na biyu jama'a. Sai a 'yan shekarun nan birnin Lincoln ya sami masallacinsa na farko da aka gina tun daga tushe, kuma Musulmin gundumar ba su da yawa. Magidanci dole ya tambayi kansa inda yaransa za su yi karatun Alƙur'ani, inda matarsa za ta sami abokiyar hira da harshenta, da wanda zai tsaya masa ran da aka yi haihuwa ko rasuwa. Akwai kuma yanayin siyasar yankin, wanda bai kamata a ɓoye ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 2016, garin Boston ne ya fi ko'ina a Birtaniya zaɓen ficewa daga Tarayyar Turai, da kashi 75.6 cikin ɗari, bayan shekarun da ma'aikatan gona daga gabashin Turai suka yi ta zuwa garin. A 2023 gwamnati ta sanar da shirin ajiye masu neman mafaka a tsohon sansanin sojan sama na Scampton, mutanen yankin da ƙaramar hukumarsu suka yi tsaye a kai, har sabuwar gwamnati ta soke shirin a Satumbar 2024. Adalci ne a ce ƙuri'a ba ta nufin ƙin kowane baƙo, kuma wasu masu adawa da shirin Scampton tarihin wurin da alkawarin raya shi suke karewa. Asibitocin yankin ma da ma'aikata 'yan ƙasashen waje suke tsaye. Duk da haka, iyali mai ƙananan yara da ke son ta ji ta a cikin dangi za ta fi samun natsuwa a Birmingham, kuma babu jirgin da zai cike wannan gurbi.

Masu cewa ziyara ta isa

To in aiki da jama'a ne a gaba, me ya rage wa sha'awa? Mai hankali zai ce abin kallo ziyara ake kai masa: jirgin ƙasa daga Landan zuwa Lincoln awa biyu ne, a je sau ɗaya a shekara a more ido a dawo. Wannan magana gaskiya ce ga wanda kallo kaɗai yake so. Amma abin da ya fi karya baƙo a Ingila, bayan ya sami aiki da ɗaki, shi ne kaɗaici. Can babu zaure, babu majalisar ƙofar gida, maƙwabci kan yi shekara bai wuce ɗaga maka hannu ba. Turawan Ingila a ƙungiya suke ƙulla abota, ta ƙwallo ko ta lambu ko ta gyaran tsohon inji, inda ake haɗuwa kowane mako a kan aiki ɗaya har sabo ya shiga. Gidajen tarihin jirage kuma da 'yan sa-kai suke rayuwa, yawancinsu dattawa, tsofaffin makanikai da malamai da sojojin da suka yi ritaya, mutanen da suka san kowa a gari. Wanda ke zuwa sau ɗaya a shekara ɗan kallo ne. Wanda ke zuwa kowace Asabar ana ba shi sifana, ana ajiye masa kofin shayi, ran da bai zo ba a tambayi lafiyarsa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a irin wannan wuri ake samunsa.

A duba East Kirkby, wani tsohon filin jirgi a tsakiyar gonaki. Wasu 'yan'uwa biyu manoma, Fred da Harold Panton, suka mai da shi gidan tarihi don tunawa da ɗan'uwansu Christopher, wanda ya mutu a harin da aka kai Nuremberg a ƙarshen Maris na 1944, daren da Birtaniya ta yi asarar jirage sama da 90. A rumfarsa akwai wani Lancaster da ake kira Just Jane. Ba ya tashi tukuna, amma akan fito da shi a tayar da injunansa huɗu ɗaya bayan ɗaya: farfela ta juya a hankali, inji ya yi tari, hayaƙi ya tashi, sai ƙara ta cika fili har mutum ya ji ta a ƙirjinsa, jirgin ya gangara a kan ciyawa da fasinjoji a ciki. In hunturu ya shigo sai a koma cikin rumfa, a kwance sassansa ana gyara ƙusa bayan ƙusa, da burin wata rana ya koma sama. Aiki ne na shekaru, kuma a aikin shekaru ake sanin mutum.

Ɗan Arewa kuma ba hannu wofi zai shiga wannan rumfa ba, yana da labarin da yawancin waɗannan dattawa suka ji rabinsa kawai. Jiragen farko da suka sauka Kano, a Nuwambar 1925, na sojan saman Birtaniya ne guda uku da suka taso daga Masar. Da Italiya ta shiga yaƙi a 1940 hanyar Bahar Rum ta yi haɗari, sai aka riƙa kawo jirage a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a haɗa su a can, a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri, a bi ta Fort-Lamy wato Injamena ta yanzu, a ratsa Darfur zuwa Khartum, a gangara Masar. Hanyar ta buɗe ne saboda gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle na Faransa a Agustan 1940. Jirgin Blenheim guda kan shige gaba da mai duba hanya, ayarin Hurricane na biye da shi kamar raƙuma a bayan madugu, kuma jirage sama da dubu 5 ne suka bi wannan hanya zuwa fagen daga na Arewacin Afirka. Akwai ma rukuni na 91 na sojan saman Birtaniya, mai tuƙa Spitfire, wanda aka laƙaba wa sunan Najeriya saboda kuɗin da aka tara daga ƙasar. Baƙon da ya zo da wannan tarihi ya zo ne a matsayin mai rabo a cikin labarin, kuma zaman mai rabo daban yake da zaman ɗan ci-rani.

Jinin da ke jikin ƙarfen

Saura ƙalubale mafi nauyi, wanda bai kamata a wuce shi da sauri ba. Waɗannan jirage don kisa aka ƙera su. A Yulin 1943 hare-haren da aka kai Hamburg sun hallaka mutum kusan dubu 40, a Fabrairun 1945 kuma Dresden ta rasa har kusan dubu 25. Harin da ya yi wa Scampton suna, na daren 16 ga Mayun 1943, lokacin da Lancaster 19 suka tashi suka fasa madatsun ruwa na Möhne da Eder, ya ci jirage takwas da sojoji 53, ruwan da ya ɓalle kuma ya cinye mutum sama da dubu, da yawansu fursunoni da waɗanda Jamus ta tilasta wa aikin bauta. Mu da muka san abin da ya faru a Rann a 2017 da Tudun Biri a 2023 ba ma buƙatar a faɗa mana yadda bam daga sama yake ga wanda ke ƙasa. Mai cewa bai dace Musulmi ko duk wani mai imani ya yi shauƙin irin wannan ƙarfe ba yana da hujja.

Amsar tana ga irin son da mutum ke yi. Wanda ya tsaya a ƙarar inji da kyan fukafuki sonsa bai nuna ba. Wanda ya zurfafa zai iske cewa cikin matasa kusan dubu 125 da suka yi aiki a cikin jiragen rundunar kai hari ta Birtaniya, 55,573 ba su dawo ba, kusan rabi ke nan, kuma Birtaniya kanta ta daɗe tana jin nauyin abin da suka yi, har sai 2012 aka gina musu babban wurin tunawa a Landan. Cibiyar tudun Canwick ta ɗauki sulhu a matsayin ɗaya daga cikin manufofinta, taskar da take tarawa tare da Jami'ar Lincoln kuma ta haɗa da muryoyin waɗanda bam ya faɗa wa a Jamus da Italiya. Zama kusa da irin wannan wuri yana koya wa mutum farashin yaƙi fiye da yadda littafi zai koya masa, kuma wanda ya fito daga ƙasar da ta ɗanɗana yana da abin da zai ƙara wa masu hirar.

Yadda za a auna

Saboda haka tsarin a bayyane yake. A fara da takardar aiki, a tambayi ma'aikatu nawa ne a yankin za su iya ɗaukar mutum in ta farko ta kuɓuce. A bi da jama'a, a san inda za a yi sallar Juma'a da inda yara za su yi karatu. Kada a yi cinikin biri a sama: a je a ga garin a watan Disamba, lokacin da duhu ke shiga da ƙarfe huɗu na yamma iska na yanka fuska, domin ranar wasan jirage a tsakiyar bazara kowane gari kyakkyawa ne. A kama haya kafin a yi maganar sayen gida, wanda kuma ya zaɓi kusa da Coningsby ya tuna cewa jiragen Typhoon na zamani ma nan suke tashi, da ƙararsu. Sau da yawa wannan awo zai nuna Birmingham ga mai iyali, ya bar Cosford ta zama wurin zuwansa na ƙarshen mako. Wani lokaci kuma zai bar garuruwa biyu kunnen doki, aiki ya yi daidai, jama'a ta wadatar a kowanne. A nan ne ya kamata mutum ya daina jin kunya ya bar zuciyarsa ta raba gardama, domin albashi da haya su ne ke kai mutum gari, amma abin da yake ɗokin wayewar gari dominsa shi ke zaunar da shi. Wanda ya zaɓi Lincoln a kan wannan sharaɗi, wata rana zai dawo daga doguwar tafiya ya hango majami'ar nan a bisa tudu, ya ji abin da matuƙan suka riƙa ji da asuba, cewa an iso gida.